Ban taɓa kiran sunansa ba, yanzu kuma an hana ni kukansa

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 26, ina aure a wani gari kusa da Kano. Wata bakwai ke nan da rasuwar ɗana na fari, yana da shekara huɗu. Zazzaɓi ne ya kama shi cikin damina, na sayo magani a kemis na yi ta ba shi kwana biyu ina cewa zai sauka. Daren na uku ya fara jijjiga, kafin asuba ya cika a asibiti. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Da magariba ta yi sai gabana ya hau faɗuwa, numfashina ya sarƙe kamar zan mutu. Abinci ba ya shiga, duk rigunana sun yi min yawa. Ƙanwarsa 'yar shekara biyu in jikinta ya ɗan yi ɗumi sai in rikice, wani lokacin kuma tana kuka ina kallonta na kasa tashi. Ina sallah amma ban san me nake karantawa ba. Maigidana ya ce ni kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa? Surukata ta ce iska ce, an yi min ruƙiyya sau biyu. Abin da ya fi cina shi ne, saboda kara ban taɓa kiran sunansa ba, ranar rasuwar ma aka ce kar in yi kuka a gaban mutane, ɗan fari ne. Wani lokaci in na kwanta sai in ji da ma kar in farka. Anti, imanina ne ya yi rauni? Ni na kashe shi? Ƙawata ta ce in je asibiti, ni kuma ina tsoron a ce na haukace.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mai ceto ne, Ya sanyaya miki zuciya.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma zan fara da maganar da kika ɓoye can kusa da ƙarshe, inda kika ce da ma kar ki farka. Na gode da kika faɗe ta. Irin wannan tunani yana zuwar wa mutane da yawa idan ƙunci ya yi musu nauyi, kuma zuwansa bai fitar da ke daga musulunci ba, bai mayar da ke muguwar uwa ba. Amma ba abin da za ki ci gaba da kwana da shi ke kaɗai ba ne. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, ko ƙawar nan taki, ko mahaifiyarki, ko yayarki, ki faɗa kamar yadda kika rubuto min, ba tare da sakayawa ba. In akwai fiya-fiya, maganin ɓera ko tarin ƙwayoyi a ɗakinki, ki sa a fitar da su. Idan kuma wata rana tunanin ya wuce "da ma" ya koma kina shirya yadda za ki cutar da kanki, to wannan ba a jira masa wayewar gari. A kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren.

Yanzu maganar imani.

Ki ɗauko Alƙur'aninki ki buɗe Suratu Yusuf, aya ta 83 zuwa ta 86. A aya ta 83 Annabi Ya'aƙubu, alaihis salam, ya ce "fa sabrun jamil", wato haƙuri kyakkyawa. A ayar da ke biye mata kai tsaye sai ya juya wa 'ya'yansa baya ya ce, kaicona a kan Yusufu, idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Baki ɗaya ne ya furta duka biyun, kuma Allah bai zarge shi ba. Ki lura da abin da 'ya'yansa suka ce masa a aya ta 85: wallahi ba za ka daina ambaton Yusufu ba har sai ka lalace ko ka halaka. Kin ji yadda ta yi kama da "ke kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa?" Shi kuma ya amsa musu cewa ƙuncinsa da baƙin cikinsa ga Allah yake kai ƙararsu. Annabi ne ɗan Annabi, shekaru yana kukan ɗansa, kuma shi ne wanda muke buga misali da kyawun haƙurinsa.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, 'ya'ya bakwai ya haifa, shida sun rasu yana raye, Nana Faɗima kaɗai ta rayu bayansa. Lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargara, bai kai shekara biyu ba, ya ɗauke shi ya sumbace shi, hawaye suka zubo. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ma ya Manzon Allah? Ya ce masa wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi, kuma lallai mu masu baƙin ciki ne da rabuwa da kai, ya Ibrahim. Hadisin yana cikin Bukhari. Abin da shari'a ta hana sananne ne: marin fuska, yaga tufafi, kururuwa irin ta jahiliyya, da furta kalmar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. A wasiƙarki ban ga ko ɗaya ba. Kwana ukun da ake ta tuna wa mata kuwa, iyakar zaman makoki ne da barin ado ga wanda ba miji ba. Ba a ce zuciya ta daina ciwo a rana ta huɗu ba.

Mutanenmu sun mayar da "ki yi haƙuri" kamar murfin tukunya, da an ga tana tafasa sai a kifa a wuce. Da yawansu da kyakkyawar niyya suke faɗa, ba su san me za su ce ba ne. Amma haƙurin da addini yake nufi shi ne ki riƙe harshenki da gaɓɓanki daga saɓo alhali ciwon yana nan. Wadda take tashi ta yi alwala, ta tsaya a kan sallaya da zuciyar da ta farfashe, ba ta ma san me take karantawa ba amma ba ta bari ba, wata bakwai cur, ni ban san sunan da zan ba wannan ba in ba haƙuri ba.

Sai tambayarki ta biyu, wadda na san ita ce take hana ki barci. Ba ke kika kashe shi ba. Ba zan yaudare ki in ce saurin zuwa asibiti ba shi da amfani, yana da shi, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ta nanata a yi wa yaro gwajin jini cikin kwana ɗaya da fara zazzaɓi. Amma ki yi wa kanki adalci. Zazzaɓin nan ya sha kama shi a baya, kin sha ba shi magani ya tashi ya ci gaba da wasa, haka kusan kowace uwa a unguwarku take yi duk damina. Nau'in zazzaɓin cizon sauro da ya fi yawa a ƙasarmu yana iya rikiɗewa ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar cikin awa 24, kuma a daren farko ba ya zuwa da wata alama da za ta bambanta shi da na kullum a idon uwa. Abin da kika sani yau ba ki san shi a wancan daren ba. Matar da kike tuhuma ta tashi ta sayo magani, ta jiƙa tsumma tana goga masa, ta kwana a zaune, ta ruga da shi asibiti cikin dare. Wannan ba aikin mai kisa ba ne. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce in wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Ba don a ƙara miki wani laifin aka faɗi wannan ba. An faɗa ne don a rufe miki ƙofar da ake shigowa ta cikinta ana azabtar da ke kowane dare.

To amma ga inda zan saɓa wa masu cewa ki ƙara addu'a kawai. Abin da kika lissafa ya wuce baƙin cikin rashi zalla. Baƙin ciki yakan zo ya lafa, ya bar mutum ya ci abinci, ya yi dariya da 'yarsa, sannan ya dawo in ya ga wani abu da ya tuna masa. Naki ya zauna daram. Rashin barci, rama, rashin jin daɗin komai, kasa tashi ki ɗauki yarinya, kasa tattara hankali a sallah, zargin kai, son mutuwa: likitoci in suka ga irin waɗannan sun haɗu kusan kullum har sama da mako biyu, sukan binciki ciwon damuwa. Ke kuma wata bakwai kike ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ma ware wa baƙin cikin rashi da ya zarce wata shida yana hana mutum tafiyar da rayuwarsa gurbi na kansa. Faɗuwar gaban magariba da sarƙewar numfashi kuma sun yi kama da firgicin da jiki yake yi in ya tuna lokacin da abin tsoro ya faru. Ba mamaki da yamma jikin yaron ya fara tsananta. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna sannan ya sauka, yana da ban tsoro ƙwarai amma shi kansa ba ya kisa. Tabbatar da ko wanne ne a cikinsu aikin likita ne bayan ya gan ki, shi ya sa nake goyon bayan ƙawarki ɗari bisa ɗari.

Kada wani ya ce miki wannan ilimin Turawa ne. Abu Zaid al-Balkhi, malamin musulunci da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai tare, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne kamar mutuwa da wanda ke sauka ba dalili, ya kuma yi bayanin yadda ake magance su. Nana A'isha kuwa in an yi rasuwa a danginta, bayan mata sun watse, takan sa a dama talbina, kunun garin sha'ir, ta ce su sha, domin ta ji Annabi yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Kin ga tun a gidan Annabi an san cewa mai makoki yana da jiki, kuma ana bi ta jikin a kai ga zuciya.

Tsoronki shi ne a ce kin haukace. Na fahimta, domin a wurinmu da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi kan mai yawo a bola. Ki je ki ga layin da idonki: malaman makaranta ne, 'yan kasuwa, ɗalibai, masu jego, mutanen da za ki haɗu da su a gidan biki ba ki san komai ba. Ba dole ba ne ma ki fara da can. Ki je babban asibitin da ya fi kusa da ku, ki yanki kati, ki ga likita. Sai dai ki kiyaye abu ɗaya da matanmu suke yawan yi: a shiga a ce "ciwon kai da faɗuwar gaba" kawai, a fito da maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. Ki ce masa, ɗana ya rasu wata bakwai da suka wuce, ba na barci, ba na cin abinci, ina jin da ma in mutu. In bakinki zai yi nauyi, ki rubuta a takarda ki miƙa masa, ko ki nuna masa wasiƙar nan. Zai auna hawan jini, ya duba ƙarancin jini, wataƙila da maƙoƙo, domin su ma suna kawo bugun zuciya da kasala. In ya ga da buƙata sai ya tura ki gaba. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Masu karatu da ke nesa, akwai na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Tun watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a mutunta shi.

Abin da ake yi a ɗakin mai ba da shawara ba wani abin tsoro ba ne. Kujera biyu ce da ƙofa a rufe. Za ki ba da labarin daren nan daga farko har ƙarshe ga wanda ba zai katse ki da "ya isa haka" ba, kuma abin da kika faɗa amana ne a wurinsa. Zai taimake ki ki kama tunanin "ni na kashe shi" duk lokacin da ya taso, ku auna shi tare da abin da ya faru a zahiri. Zai koya miki yadda za ki sassauta numfashi in firgicin ya zo, ku kuma tsara ƙananan ayyukan da za ki riƙa komawa a hankali. Yawanci zama ne na mako-mako na ɗan lokaci. Kina da damar ki ce kin fi son mace in akwai. Idan likita ya rubuta magani, ki sani ba ya aiki a kwana biyu, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara jin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha wasu watanni bayan an warware don kada ciwon ya dawo. Ba a yanke shi rana ɗaya ba da sanin likita ba. Ba ya cikin ƙwayoyin maye, kuma ba zai mantar da ke ɗanki ba. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun farko. Abin da nake roƙonki da girman Allah shi ne kada ki je kemis ki ce a ba ki maganin barci. Waɗannan su ne suke kama mutum, mata da yawa daga rashi irin naki suka faɗa hannunsu.

Game da surukarki, kada ki yi jayayya da ita, tana neman miki sauƙi ne ta hanyar da ta sani. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in Annabi alheri ce, kuma ba ta karo da asibiti. Wanda ya koya mana ruƙiyya shi ne ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Mafi kyawunta ma wadda za ki yi wa kanki: Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafin hannu ki shafe jikinki lokacin kwanciya. Amma duk wanda zai dake ki da sunan fitar da aljani, ko ya turara miki hayaƙin da zai shaƙe ki, ko ya nemi keɓewa da ke, ko ya ce ki zubar da maganin likita, ki tashi ki bar wurinsa ko wane ne shi. Ki riƙe addu'ar da Ummu Salama ta koya daga Annabi, ta karanta lokacin da ta rasa mijinta: Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Da wadda Annabi yake yawaitawa: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. In kin kasa doguwar sura, ki karanta gajera. In hankali ya gudu a sallah, ki dawo da shi ba tare da kin zagi kanki ba. Tirmizi ya ruwaito cewa bawan da aka karɓi ran ɗansa ya gode wa Allah ya yi istirja'i, wato ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah Yana cewa a gina masa gida a Aljanna a sa masa suna Gidan Godiya. Hadisin bai sa sharaɗin busasshen ido ba.

Malam maigida, in ta nuna maka wannan, ga tawa gare ka. Na san kai ka ɗauke shi a hannunka zuwa maƙabarta, kai ka ga an mayar da ƙasa, kuma ba wanda ya tambaye ka yaya kake kwana. Wataƙila kukanta yana tono maka abin da kake ƙoƙarin binnewa ne shi ya sa kake faɗa. Amma kalmar nan ta yi mata rauni. Matarka ba ta da lafiya, kuma ciwon yana da magani. Ka ba ta kuɗin mota da na kati, in da hali ka raka ta da kanka. In za ta samu mako biyu ko uku a gidansu kusa da mahaifiyarta, ka bar ta. Da magariba kuma, in ka dawo daga masallaci, ka ɗan zauna a ɗakin kafin ka fita majalisa.

Ƙanwata, don 'yar ƙaramar, ki mayar da tsoron ya zama shiri. Gidan sauro kowane dare, maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata cikin damina kada ya wuce ta, kuma duk ranar da jikinta ya yi zafi, gwaji a ranar. In kin san abin da za ki yi, rikicewar takan ragu. Ki samu wata 'yar'uwa ta riƙa kama miki ita a ranakun da jiki ya ƙi. Ke ma ki riƙa sa wani abu a cikinki da safe ko ba kya so, ko kunun gyaɗa ne rabin kofi, ki fito tsakar gida rana ta taɓa ki.

Na bar maganar suna a ƙarshe domin ita ta fi taɓa ni. Yayata ta rasa ɗanta na fari shekarun baya. Ranar ta'aziyya tana zaune a ƙuryar ɗaki fuskarta a bushe, mata suna ta yaba mata, ana cewa kai, wance akwai kara. Bayan kusan shekara na shiga ɗakinta da rana tsaka ban yi sallama da ƙarfi ba, na same ta ta buɗe akwati, ta ɗora 'yar hularsa ta saƙa a kan cinya, silifas ɗinsa guda ɗaya a hannunta, har da sauran taɓon da ya bushe a ƙasansa. Tana kiran sunansa a hankali, tana maimaitawa, kamar mai koyon kalmar. Tunda aka haife shi ranar na fara jin sunan a bakinta. Na zauna kusa da ita muka yi kukan da ya kamata mu yi tun bara.

Kara al'ada ce mai kyau a wurinta, ta koya mana kunya da kawaici. Amma ba aya ba ce ba hadisi ba, kuma bai kamata ta bi uwa har cikin makokinta ba. Annabi ya kira Ibrahim da sunansa yana hawaye, a gaban sahabbai. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ba wanda zai koya mata kunya ko tawakkali, ta zauna ta tsara marsiyya lokacin da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Yaronki bai rasa sanin kina sonsa ba. Ya sani a bayanki da ya kwanta, da lomar da kika sa masa a baki, da hannun da ya riƙa taɓa goshinsa a dararen nan uku. Yaro ɗan shekara huɗu ta nan yake gane uwa.

Ki kira sunansa a sujada. Ki kira shi in kina ba ƙanwarsa labarin yayanta. Kayansa kuma kada kowa ya matsa miki ki rabar kafin ki shirya, ki ajiye abin da kike so ki ajiye.

Ki je asibitin cikin makon nan, kada ki bari ya kai na gaba. In kin dawo ki rubuto min abin da likita ya ce, ba zan buga ba sai da izininki. Ki haɗo min da sunan yaron, ina so in sa shi a addu'ata.